Kyanwata ta tsufa: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Likita, kyanwata ta shekara 13. Wata biyu ke nan ba ta rabuwa da kwanon ruwa, fitsarinta ya yi yawa, in na shafa bayanta ƙashi nake ji. Maigidana ya ce tsufa ne kawai. Haka ne?

Amsa: Hajiya, tsufa ba ya sa ƙishirwa. Kyanwa mai shekara 13 ta kai sa'ar mutum ɗan shekara 68, kuma abin da na fara zargi a irin wannan shekarun shi ne ciwon ƙoda. Idan ƙoda ta gaji, ba ta iya riƙe ruwa a jiki, sai fitsari ya fito da yawa, fari tas kamar ruwa, kyanwar kuma ta yi ta sha don ta mayar da abin da ta zubar. Ciwon suga ma yana kawo haka, shi ya sa sai an gwada jini da fitsari kafin a ce ga cutar.

Kafin ki kai ta asibitin dabbobi, ki auna ruwan da kika zuba mata da safe, washegari ki auna abin da ya rage. Kyanwa mai kilo 4 da ke shanye fiye da mililita 400 a yini ta wuce ƙa'ida sosai. Kada ki rage mata ruwa don gudun fitsari, ruwan ne ke riƙe da ita. Ki ƙara kwanuka a wurare biyu ko uku, nesa da inda take bahaya. Ƙodar da ta lalace ba ta dawowa, amma abincin masu ciwon ƙoda, wanda aka rage wa sinadarin fosfarus, yana ja musu kwana. Sai dai a sauya a hankali, ana gaurayawa da wanda ta saba, don tsohuwar kyanwa ta fi kowa taurin kai a kan abinci.

Tambaya: Muzuruna ya shekara 14. Yana ci kamar gara amma kullum ramewa yake, da dare kuma ya hana mu barci da kuka.

Amsa: Malam, wannan ya yi kama da matsalar tayirod, wata 'yar ƙulluwa a wuya da ke sarrafa yadda jiki ke ƙona abinci. In ta yi aiki fiye da kima, abin da ya ci duk ƙonewa yake, zuciya kuma ta riƙa gudu. Gwajin jini yana nunawa, kuma akwai magani, methimazole, da ake ba shi kullum. Ka roƙi a auna masa hawan jini a lokaci guda. Hawan jini a kyanwa yana iya makantar da ita dare ɗaya: sai ka ga baƙin idon ya buɗe ko cikin haske, tana karo da ƙafar kujera. In ka ga haka, ranar za ka kai shi.

Tambaya: Kyanwata ta daina hawa taga, gashin bayanta ya cukurkuɗe, tana fitsari a gefen kwanon yashin da take bahaya a ciki. Ko in gutsura mata farasitamol?

Amsa: Kul! Ko gutsure kada ki ba ta. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ibuprofen ma haka, yana ɓata ƙoda da ciki.

Abin da kika lissafa alamun ciwon gaɓɓai ne. Kyanwa ba ta cika ɗingishi ba, ɓoye ciwo ɗabi'arta ce, sai dai ta daina abin da ke sa ta jin zafi. Kin gan ta a gindin taga tana kallon sama, ta ɗan duƙa kamar za ta yi tsalle, sai ta fasa ta juya? To ciwon ke nan. Gashin ya cukurkuɗe ne don ba ta iya lanƙwasawa ta lashe bayanta, fitsarin kuma don bakin kwanon ya yi mata tsawo. Duka ba zai gyara ba. Ki samo kwano mai gajeren baki, ki sa mata akwati a ƙarƙashin tagar ya zama matakala, shimfiɗa mai laushi a wuri mai ɗumi, ki riƙa taje ta a hankali. Ki duba faratanta ma, na tsofaffi kan yi kauri su lanƙwashe har su shige tafin ƙafa. Akwai maganin zafi na kyanwa, irin su meloxicam, amma likita ne zai rubuta bayan ya duba ƙodarta.

Tambaya: Kyanwata ta kwana biyu ba ta ci komai ba. Takan zo ta shinshina, ta juya, yawu na zuba.

Amsa: Yau za a kai ta. Kyanwar da ta jera kwanaki ba ci, musamman mai ƙiba, kitse kan taru mata a hanta. Zubar yawun na iya zama ciwon haƙori ko tashin zuciya daga ƙoda. A ɗan ɗumama abinci mai laushi don ƙanshinsa ya tashi, in ta ƙi, kada a yi mata ɗura.