Tsohuwar kwamfutar tebur za ta ɗauki Windows 11?

Malam, ka ce taka mai Windows 7 ce, RAM (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) giga 2, kana so ka sa mata Windows 11. Gaskiya kar ka wahal da kanka, shi 11 sai da TPM 2.0 (wata ƴar na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da RAM giga 4 aƙalla, tsoffin nan ba su da TPM ɗin, Windows 10 kuma Microsoft sun daina kula da shi tun Oktoba 2025. Ni tawa da ke shago nan kusa da babbar kasuwa Linux Mint Xfce (wani tsari marar nauyi da ke maye gurbin Windows) na zuba mata da kle USB, na ƙara RAM, na sa SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri), wallahi kamar sabuwa. Amma ka fara kwashe hotunanka da takardu tukuna, kuma ka haɗa ta da ondilar (na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke), ka san wutar Maradi lokacin zafi, tana iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki.