Jiragen yaƙi sun zo, 'yan bindiga na nan: a sayo F-16 a huta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Zamfara. A daminar da ta wuce 'yan bindiga suka harbe ƙanen mahaifina a gonarsa. Tun 2021 muke jin an kawo Super Tucano, amma har yau ba ma barci da ido biyu a rufe. A majalisarmu ana cewa jirgin mai farfela ne irin na yaƙin duniya na biyu, Amurka ta sayar mana da kwantai, kuma ba ya tashi sai ta danna masa izini daga can. Yanzu ga zancen wasu 24 daga Italiya. Me zai hana a sayo F-16 ko Sukhoi guda hamsin a gama da abin nan gaba ɗaya? Ko dai kuɗinmu ake ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan baffa, ya ba ku haƙuri, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Bari a kawar da zancen farfela tukuna, don ba shi da tsawo. Injin Super Tucano, PT6A-68C, injin tabayin ne, wato irin na jet da ke juya farfela, mai ƙarfin doki 1,600, kuma man jet yake sha. Sababbi aka harhaɗa wa Najeriya a Jacksonville da ke jihar Fulorida. Akwai bindigogi biyu masu harsashin milimita 12.7 a cikin fukafukansa, da maratayi biyar na makamai masu ɗaukar kimanin tan ɗaya da rabi, da kyamara mai ganin zafin jiki da dare. Jet da ke tafiyar kilomita 800 a awa yana cinye fiye da mita 200 a daƙiƙa ɗaya; matuƙinsa zai wuce babura goma a ƙarƙashin kuka bai tantance ko mahara ne ko 'yan kasuwa ba, kuma mai zai kore shi gida da wuri. Tucano yana iya shawagi sa'o'i a kan daji ɗaya, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na awar F-16 ba. Yana da nakasu, ba a musu. Daga gidansa na Kainji zuwa Maiduguri kusan kilomita 1,000 ne, tafiyar awa biyu, shi ya sa dole a riƙa girke wasu kusa da fagen daga. Kuma in ya yi ƙasa sosai, bindigar kakkaɓo jirgi da ake ɗaurawa a bayan Hilux za ta same shi. Wannan haɗarin bai bar jet ba: a Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya fice da laima ya tsira.

Batun maɓallin Amurka kuwa hirar mai shayi ce. Sharaɗin da ke akwai a takarda yake: makamin da Amurka ta sayar tana bin diddigin inda ake amfani da shi, kuma tana iya tsayar da kayan gyara da harsashi in aka saɓa. Kan haka aka yi ta jan ƙafa wajen tura Tucano kan 'yan bindiga har sai da gwamnati ta wallafa ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022. Mai riƙe da kayan gyaranka ba ya buƙatar wani maɓalli.

Wannan ya kawo mu kan ainihin cutar, wadda ake ji kullum daga bakin mai shayi har bakin ɗan majalisa: wai ƙarfin sojin sama shi ne yawan jiragen da aka saya, in an ƙirga hamsin an yi bikin karɓa, magana ta ƙare. Wannan tunanin ya halaka matuƙa, ya ƙona dukiya, kuma da shi dillalan makamai suke cin abinci.

Mun taɓa gwadawa ai. A 1984 Najeriya ta karɓi Jaguar 18 daga Ingila, jirgin da ya fi sauti gudu, abin alfahari a lokacinsa. Farkon shekarun 1990 duk sun kwanta, aka bar su a Makurɗi suna shan rana da damina. Babu abokin gaban da ya taɓa su. Kuɗin kula da su ne babu. MiG-21 da aka fara sayowa daga Tarayyar Sobiyat a 1975 su ma haka suka ƙare. Da takunkumin makamai na zamanin Abacha ya zo, har Alpha Jet ɗin da suka yi aiki a Laberiya da Saliyo suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A 2005 aka ba Sin kwangilar F-7 guda 15, jirgin tarar jiragen abokan gaba a sama, sai ga yaƙin da ya same mu na masu babura ne a Sambisa. Kada a ce halin Najeriya ne kawai. Afirka ta Kudu, mai masana'antar makamai tata ta kanta, ta sayi Gripen 26 daga Suwidin. A 2013 ministar tsaronta ta shaida wa majalisa cewa 12 suna ajiye, sannan daga ƙarshen 2021 zuwa Satumban 2022 babu ko ɗaya da ke tashi, saboda kwangilar kula da su ta ƙare ba a sabunta ba. Takarda ɗaya ta kwantar da su gaba ɗaya.

Masu lissafin harkar sun daɗe da sanin cewa kuɗin saye bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da jirgin yaƙi zai ci a rayuwarsa ba. Sauran kashi biyun a mai, gyara, kayan gyara, horo da albashi suke tafiya cikin shekara talatin. Wanda ya ba da doki kyauta bai yi maka komai ba in ba ka da dusa.

Jirgi agogo biyu ke ci masa rai. Na farko sa'o'in tashi: kowane inji, kowane famfon mai, kowace ƙafar sauka tana da adadin sa'o'i ko adadin saukar da in ta cika dole a cire ta, ko da kuwa ƙyalli take yi. Na biyu kalanda, kuma wannan ne mutanenmu ba sa ganewa. Albarushin da ke cilla kujerar tsira yana da ranar lalacewa kamar maganin asibiti. Ranar ta wuce, jirgin ba ya tashi, ko da bai yi awa ɗaya a sama ba a shekarar. Laimar matuƙi tana da ranar da za a kwance ta a sake naɗewa. Makami mai linzami yana da shekarun ajiya, yana kuma da iyakar sa'o'in da zai yi rataye a fiffike ana kai shi ana dawo da shi, domin jijjiga da zafi suna cin sa. Ajiye jirgi don "a tanada shi" ɓarna ce: robobin da ke riƙe man birki da na sarrafa fukafukai suna bushewa su tsage, ruwa yana taruwa a gindin tanki har ƙwayoyin cuta su yi kauri su toshe matata, tsatsa tana bin wayoyi. Ƙara da ƙurar hunturu da ke goge ruwan wuƙaƙen inji kamar sanfefa, da ungulu da shirwa da ke zagaye filin jirgi saboda an bar mahauta da bola a gefen shinge. Ƙusa ɗaya da aka manta a kan titin tashi ta isa ta kashe injin miliyoyin daloli, shi ya sa ake jera sojoji da safe suna tafe suna tsintar tsakuwa.

In kayan gyara suka yanke, abin da ke biyo baya sananne ne. Sai a kwance famfo daga jirgi na uku a ɗaura wa na ɗaya, a kwance rediyo daga na huɗu a ɗaura wa na biyu. Aikin kanikawa ya ninka, tunda kowane gyara ya zama kwancewa biyu da ɗaurawa biyu, kuma jirgin da aka fara yanka ba kasafai yake sake tashi ba. A takarda jirage goma sha biyu ne, a rumfa huɗu ne masu rai. Ko a rundunar da ke da wadata, bakwai cikin goma su kwana a shirye abin yabo ne. To auna JF-17 na Pakistan guda uku da aka ƙaddamar a Makurɗi a Mayun 2021: ɗaya yana gyara, ɗaya yana horar da matuƙa, saura ɗaya. Jirgi ne mai kyau, da rada da makamin da ke kai wa jirgin da ido bai gani ba, amma uku ɗanɗano ne.

Sai matuƙin kansa. Yaro zai fara da Super Mushshak a Kaduna, ya wuce L-39 a Kano, sannan ya koyi jirgin da zai yi yaƙi da shi. Shekaru ne kafin a amince masa ya jagoranci jirage biyu da dare. Ma'aunin da ƙawancen NATO ya daɗe yana ambata shi ne awa 180 a shekara ga kowane matuƙin yaƙi. Wanda ke samun awa arba'in saboda babu mai, lasisi gare shi, hannunsa kuwa ya yi sanyi, kuma ranar da hazo ya rufe fili ko inji ya yi tari a sama, ranar ake gane bambancin. Bayan kowane matuƙi akwai kanikawan inji, na lantarki, na makamai, na kujerar tsira, kowanne da takardar shaidarsa a kan wannan samfurin jirgi kaɗai. Gwanin Alpha Jet ɗan koyo ne a gaban JF-17. In ka sayo Sukhoi hamsin gobe, su wa za su hau, su wa za su kwance?

Shi ya sa raba dala miliyan 496 da aka biya a 2018 gida goma sha biyu, a ce kowane Tucano ya tashi a miliyan 41, lissafin dokin rano ne. A cikin kuɗin akwai bama-bamai da rokoki masu bin hasken leza, da kayan gyara, da horon matuƙa da kanikawa a sansanin Moody na jihar Jojiya, da gine-gine a Kainji: rumfuna, ma'ajiyar makamai, fitilun titi, ɗakin na'urar koyon tuƙi. Inda aka yi laifi shi ne fitar da kuɗin daga asusun rarar mai kafin majalisa ta amince, kuma wannan ya cancanci surutun da aka yi. Amma cinikin da ya zo da arha, jirgi tsirara babu kwangilar kulawa, shi ya kamata ya tayar maka da hankali, don a nan dillali yake samun nasa.

Wata matsalar ita ce tarkace. Muna da jirgin Sin, da na Pakistan mai injin Rasha, da na Barazil mai kayan Amurka, da na Faransa da Jamus, da na Cek, da masu saukar ungulu na Rasha da Italiya da Turkiyya. Hikimar a fili take: kada ƙasa ɗaya ta riƙe mana wuya, kamar yadda Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra a 2014. Kuɗinta kuwa shi ne kowane samfuri da nasa ɗakin ajiya, nasa kayan aiki, nasa littattafai, nasa makaranta. Kuma tutar da ke jikin jirgi ba ta faɗin gaskiya duka. T-129, mai saukar ungulu na Turkiyya, injinsa sai da lasisin Amurka. A kan haka cinikin guda 30 da Pakistan ta ƙulla ya maƙale. M-346 ɗin Italiya ma, wato 24 ɗin da ka ambata, injin kamfanin Honeywell na Amurka biyu gare shi.

Duk da haka ina ganin M-346FA zaɓi ne mai ma'ana. Alpha Jet sun haura shekara arba'in, dole a sami magaji. Wannan jirgi ɗaya yana horarwa yana kuma kai hari, yana da rada, yana da inji biyu, kuma 24 adadi ne da za a iya gina makaranta da ma'ajiya a kansa. Abin da zai kashe shi shi ne abin da ya kashe Jaguar. Kasafin kuɗi da naira ake rubuta shi, kayan gyara da dala da yuro ake saye. Naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, wato kuɗin da aka ware don famfo uku ya koma na ɗaya. Ga fayil yana yawo daga tebur zuwa tebur wata shida, alhali kamfanin da ke ƙera kayan shi ma yana buƙatar watanni bayan an biya. Jami'in da ya danne takardar sayen robar dala ɗari biyu yana jiran a gan shi, ya sani jirgin da ya kwantar shi ne wanda aka kira ranar da aka shiga wani ƙauye, kuma za a tambaye shi a gaban Allah.

Game da garinku, Malam, gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce jirgi ba ya tsare gona. Yana buga abin da aka nuna masa ne, ya koma. Kafin bam ya sauka sai an sami labari, jirgin leƙen asiri ko maras matuƙi ya tabbatar, wani a ƙasa da rediyo ya ce ga namu ga nasu, mai ba da izini ya sa hannu, sannan sojan ƙasa ya shiga ya zauna a wurin. In aka tsallake mataki ɗaya, sai a sami irin ta Rann, ranar 17 ga Janairun 2017, inda jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, binciken soja ya ce ba a sa wurin a taswirar aiki yadda ya kamata ba. Wannan ne ma ya sa gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin Tucano. Ko irin ta Tudun Biri a Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 85. F-16 da ya fi sauri, da ya fi ɗaukar bam, da labarin da bai inganta ba, gawa kawai zai ƙara.

In ɗan majalisarku ya zo gida, kada ka tambaye shi jirage nawa aka saya. Tambaye shi nawa ne cikin Tucano 12 za su iya tashi yau da safe, awa nawa kowane matuƙi ya yi bara, kwangilar kula da M-346 ta shekara nawa ce kuma an biya ta ko alkawari ne, sannan minti nawa ake ɗauka daga kiran da mai gari ya yi zuwa isowar jirgi a kan Dansadau.