Tambaya da Amsa: Wasan Ɓoye Akwati a Wuraren Tarihi

Tambaya: Na ji labarin wasan da ake ɓoye akwati, a bi kwatance a nemo shi. Yaya zan shirya wa ɗalibaina shi kusa da rijiyar Kusugu? Daga wata malama a Daura.

Amsa: Malama, wasan ya faro ne a Ingila a 1854. Ki sami robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, ki sa ƙaramin littafi da hatimi a ciki. Ana sassaƙa hatimin da reza daga abin goge fensir, amma a juye, in ba haka ba rubutun zai fito baibai. Kowane ɗalibi ya riƙe nasa hatimi, littafi da tawada. Wanda ya gano akwatin ya buga hatiminsa a littafin ciki, ya buga na akwatin a littafinsa, ya mayar yadda ya tarar.

Kwatancen ya zama kamar "taku 40 gabas da bishiyar darbejiya".

Ki fara neman izinin masu kula da rijiyar. Ban da haƙa, ban da cusawa a tsohon bangon ƙasa, domin zubewa yake. Ki rubuta "wasan ɗalibai ne" a murfin, kada a zaci asiri ne. Littafin ya shiga leda biyu saboda damina. Yara su fara taɓa wurin da sanda, kunama na son ƙarƙashin dutse.