Hukuncin riƙe karen kiwo bayan an sayar da tumaki

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina da gona a bayan garin Zariya. Wani abokina ya ba ni kare irin Border Collie yana taya ni kiwon tumaki. Gab da Sallar layya na sayar da su duka, na dawo da shi gida cikin gari. Ya hana mu sakat: ya tauna takalma, ya tara kaji a lungu, yana bin yara yana kai musu cizo a dunduniya. Dole na sa masa sarƙa. Wani ya ce tunda jinsin karen kiwo ne babu laifi. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, halaccin riƙe kare don kiwo ba a yi saɓani a kansa ba. Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne "na sayar da su duka", kuma ba ka faɗa mini ko za ka sake saye ba. Idan kana da niyyar zuba wasu tumakin nan kusa, riƙe abinka, malami Ibn Ƙudama ya ambaci wannan rangwame a littafinsa Al-Mugni. Idan kuwa ka bar kiwo, rangwamen ya tafi tare da tumakin, kuma ina jiye maka tawayar lada ta ƙiraɗi, wato wani kaso na lada, kullum, kamar yadda hadisi ya faɗa a kan mai riƙe karen da ba na kiwo, farauta ko gona ba.

Maganar wanda ya ce maka jinsi ya wadatar, kuskure ce da ta yaɗu tsakanin samari masu sayen karnukan waje. Hadisi ya jingina karen ne ga dabbobin da yake yi wa aiki, bai ambaci asalinsa ba. Dubi yadda Ibn Abi Zaid ya ƙayyade shi a Risala: karen da ke raka dabbobi jeji, ya dawo tare da su da yamma. Naka wace dabba yake rakawa? Da jinsi ne abin lura, da karen Bafulatani da ba a san ubansa ba ya haramta alhali kullum yana bayan garke, wanda ke kwance a falo kuma ya halatta don Turawan iyakar Ingila da Sukotland sun raɗa wa kakanninsa suna. Babu malamin da zai faɗi haka. Kada kuma a kawo mini gadin gida, don ba shi ne ya sa ka riƙe shi ba.

Yawunsa a mazhabar Malikiyya ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai.

Sarƙar nan ta fi damuna. Dabba ce da aka saba mata da gudu tun safe har yamma, abin da yake wa yaranka da kajinka kiwo ne yake yi da abin da ya samu. Ga shi ka ɗaure shi cikin zafin rana da wannan gashi nasa, ka tuna da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Tun gobe ka mayar da shi gona, ko ka ba makiyayin da ka san zai ciyar da shi, kyauta, domin sayar da kare a mashahurin zancen mazhabarmu bai halatta ba. Kada ka sake shi a titi. Kafin nan ka fita da shi ya yi gudu safe da yamma, ka raba shi da ɗakunan kwana da wurin salla, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Yaron da haƙorinsa ya taɓa kuma, a wanke wurin da sabulu sosai a kai shi asibiti ranar. Wallahu a'alam.