Burushin gora ko na roba?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni dai yawan robar da nake zubarwa ya fara damuna, burushi ne, kwalin man goge baki ne, shin in na koma burushin gora na huta kenan?

Amsa: Sannu ƙanwata, kin kyauta da kika damu da wannan. Burushin gora ya fi, amma fa sandar ce kawai ke ruɓewa, gashin nasa yawanci nailan ne (shi ma nau'in roba ne), irin wanda aka fara sa wa burushi tun 1938, to in ya tsufa bayan kamar wata 3 ki sa filaya ki tuge gashin ki zuba a shara, sandar kuma ki binne ta a ƙasa. Ki dinga tsayar da shi ya bushe bayan kin gama, gora ba ta son laima, baƙi take yi.

Man goge baki kuma akwai na ƙwaya da ake taunawa, a kwalba yake zuwa. Don Allah ki duba ko akwai fuloraid a ciki, wasu babu, kuma shi ne ke kare haƙori daga ruɓewa. Na gawayi kam ban ba ki shawara ba, yana iya kankare saman haƙori.