Aladen da Ya Bi Kaka, Ya Bi Jika

Abokina,

Saƙonka ya iso tun daren Talata. Ƙanwarka ce ta karanta mini, don idanun nan sun daina shiri da ƙananan rubutun waya. Da ta kai ƙarshe na yi dariya har tari ya sarƙe ni, kakarka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi. Ka ce ranar da Allah ya yi wa surukin gwaggonka rasuwa ka rubuta a zauren iyali na WhatsApp wai tsoho ya kicked the bucket, wato a zahiri ya shuri bokiti, babanka ya kira ka ya wanke ka tas, gwaggonka kuma har yau ba ta amsa gaisuwarka. Kana son ka ji mene ne laifinka tunda Turancin "ya mutu" ne kawai, ta ina bokiti ya shigo maganar, sannan wai ko al'ada ce ta hana ta'aziyya da Turanci ko ta waya.

Matambayi ba ya ɓata, kuma gara da ka zo wurina da ka zauna kana kumbura. Amma kafin mu taɓa bokitinka bari ka ji labarin aladena, don ni ma Turanci ya taɓa tsinka ni a bainar jama'a.

A 1959 ne, saura shekara guda a ba da mulkin kai. Ina ɗan shekara 19, sabon malamin gona, da gajeren wandon kaki da doguwar safa, ina ji a raina duk lardin Kano babu mai taka ni a Turanci. Zamanin gyaɗa ne, dalarta na tsaye a birni, hukuma kuma na ta fama da manoma su karɓi takin zamani, wanda muke ce wa sufa. Su kuwa sun saba da takin shanu da toka da juji, abin da ya fito daga buhun Bature ba su yarda da shi ba. Aka haɗa ni da wani Baturen gona in riƙa yi masa tafinta a rangadi.

Muka isa wani ƙauye da hantsi, kwana biyu bayan ruwan shuka, ƙasa na ƙamshi. An shimfiɗa tabarmi a gindin wani ƙaton durumi a ƙofar gidan dagaci. Liman na zaune kan buzunsa a dama da dagaci, yana jan carbi, magidanta sun kai ɗari, yara sun hau katanga suna kallon Land Rover. Bature ya cire malafa ya fara bayani, ni kuma ina juyawa, ina ɗaga murya yadda na bayan ma za su san an yi boko. Komai na tafiya daidai. Can sai ya yi murmushi, ya dafa buhun takin ya ce ba ya neman su sayi a pig in a poke, su zo gonar gwaji tukuna su gani da idonsu.

To, pig na san shi, alade ne. Poke kuma abin da aka koya mana a makarantar Midil shi ne tsikara da yatsa ko da sanda. Ban tsaya ba, don tsayawa a wurina a lokacin abin kunya ne. Na gyara murya na ce, "Bature ya ce ba zai sa ku sayi alade kuna tsikararsa ba."

Har yau ina jin shirun da ya biyo baya. Carbin liman ya tsaya cak. Ya ce, "A'uzu billahi." Wani dattijo ya ja tabarmarsa baya daga wajen buhun. Daga can baya wani ya ce, "Ai dama mun ji an ce da ƙashin alade ake yin abin nan!" Wuri ya kaure, wasu har sun fara neman takalmansu. Bature ya juyo yana duba na, fuska ta yi ja kamar gauta, yana tambaya me na faɗa musu. Ni kuwa zufa ta jiƙa kakin nan sharkaf, harshe ya ƙi motsi.

Wanda ya cece ni masinjan ofishinmu ne, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa da dangwale yake sawa. Ni da nake raina shi a mota, ina gyara masa Turanci. Ya matso ya durƙusa gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne ya yi tuntuɓe. Babu alade a maganar nan. Bature cewa ya yi ba a cinikin biri a sama, a zo a ga kaya kafin a taya." Dagaci ya dube shi, ya dube ni, sai ya tuntsire da dariya. Liman ya ce, "To ai wannan shari'a ce ma, an hana sayen kifi a ruwa." Aka koma aka zauna. Amma ka sani, har na bar gundumar nan sunana a ƙauyen Malam Mai Alade, kuma a daminar nan mutum uku kaɗai suka karɓi sufa.

A hanyar komawa Baturen ya warware mini. Poke ɗin nan tsohuwar kalma ce mai nufin ƙaramin buhu, danginta ɗaya da pocket, wato aljihu. A kasuwannin Ingila na da ana kawo ɗan alade a ɗaure cikin buhu, wanda ya biya bai kwance bakin buhun ba yana iya zuwa gida ya tarar da abin da bai saya ba. Maganar tana bakinsu tun ƙarni na 16. Kalmar ta tsufa ta faɗi daga bakin yawancinsu, sai a cikin karin maganar ta maƙale. Da muka sauka, masinjan nan ya ja ni gefe ya ce, "Malam ƙarami, Turanci riga biyu gare shi, ta waje da ta ciki. Ku 'yan makaranta ta waje aka ba ku." Allah ya jiƙansa, ban sake gyara masa magana ba.

Tun daga ranar na sayi ɗan littafin rubutu na kwabo uku, duk karin maganar da na ji sai na bi sawunta. Sai na lura kowace akwai garin da ta fito da sana'ar da ta haife ta. In sun ce mutum ya kai gawayin kwal Newcastle, wato ya yi aikin banza, don a da garin nan na Ingila shi ne tashar da ake lodin kwal ana kai wa Landan. Kamar a ce ka ɗauki gishiri ka kai Bilma ne, ko goro ka kai Gwanja. Red tape da kuke faɗa in aiki ya maƙale a ofis, ni da hannuna na ɗaure fayil da shi, wani siririn kirtani ne ja da ake ɗaure takardun hukuma da na shari'a. Wasu kuma daga littafinsu na addini suka fito, kamar rubutun da ya bayyana a bango a wajen walimar sarkin Babila, wanda suke ambata in alamar faɗuwar mutum ta fito fili. Sai dai ka yi hattara da tatsuniyoyin da ake turawa a waya. Wannan da ake cewa wai kyanwoyi da karnuka ne ke kwana a kan jinka, ruwa ya zubo da su, shi ya sa suke cewa ana ruwan kyanwa da kare, ƙirƙira ce. Kai ka taɓa ganin kare ya hau jinka ya kwana?

Yanzu ga bokitinka. Maganar tana nan a rubuce cikin wani ƙamus da aka buga a Landan a 1785, kuma ƙamus ne na maganganun 'yan tasha da ɓarayi da mashaya. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka gidan da ta fito. Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi kuwa shi ne, a wani yanki na gabashin Ingila bucket suna ne na gungumen da mahauta ke rataye dabba ta ƙafa in an yanka ta, galibi alade, tana shure-shuren fitar rai tana harbin gungumen. Ka ga ke nan aladen nan bai haƙura da gidanmu ba. Ya bi kaka, ya bi jika. Abin da ka rubuta a kan dattijo mai shekara casa'in da ɗoriya, mutumin da ya sa maka albarka ranar sunanka, shi ne ya yi shure-shuren dabba a mayanka. Su kansu Turawan ba sa faɗar ta a gaban mai makoki, passed away suke cewa, su sassauta murya.

Kuma don Allah dubi naka harshen. Akuya ce ke mutuwa. Mutum rasuwa yake yi, ko a ce ya riga mu gidan gaskiya, ko ya cika, ko wa'adi ya yi, ko ya kwanta dama. Muna da tamu ta 'yan tasha, "ya sheƙa lahira", amma ka taɓa jin an faɗe ta a zauren makoki? Da za a ce ka rubuta ta a kan surukin gwaggonka da hannunka ya ƙi. Don ta zo da Turanci ne ba ka ji nauyinta ba. Mahaifina yakan ce kayan aro ba ya rufe katara. In kuma ya ji ɗayanmu ya saki baki sai ya ce, "Magana zarar bunu ce," ya yi shiru, ya bar ka da sauran. Kakata ta wajen uwa kuwa ko sunan mamaci ba ta kamawa sai ta haɗa da addu'a. Ta ce wanda ya tafi ba shi da bakin rama wa kansa, saboda haka bakinka ne amanarsa.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne sauri. Kafin a wanke gawa an riga an baza hotonta, wani ya liƙa ɗan zanen fuska mai hawaye, shi ke nan ya yi gaisuwa. Ɗan mamaci yana wani gari, a waya zai tsinci mutuwar ubansa tsakanin tallar atamfa da bidiyon barkwanci. Mu a da sai an zaɓi dattijo mai sanyin baki an tura shi takanas. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce jikin tsoho ya tsananta, sai ya ga zuciya ta shirya sannan ya ce sai haƙuri. Na taɓa yin tafiyar wuni guda a keke don in je in ce "ya haƙuri" in zauna shiru a tabarma. Duk maganar da na yi a gidan ba ta kai kalma ashirin ba. Ban ce laifinku ne ku kaɗai ba, mu ma da muka kai ku makaranta muna murna in kun yi Turanci, ba mu taɓa zaunar da ku mun koya muku gaisuwar mutuwa ba.

Batun ko ta waya ta wadatar, da ko Turanci ya halatta, wannan sai mun haɗu, don ni ma yanzu da gwiwa ta ƙi, ta wayar nake yin rabin tawa, ina yi ina jin kunya. Ranar Asabar ne sadakar bakwai. Ka shigo motar safe, ka sa doguwar riga da hula, ka bar wa tasha wandon nan naka mai yagaggiyar gwiwa. Ka fara biyowa ta nan mu tafi tare, in kana bayana gwaggonka ba za ta kore ka ba. In mun shiga ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta," kada ka ƙara ko kalma ɗaya, bayanin ƙamus ɗin nan kuma ka bar shi a aljihu. Ka taho mini da maganin ɗigon idon nan, nawa ya ƙare tun jiya.

Kakanka