Amsar Baffa kan sunan Wangara da ke takardunki

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Saƙonki ya iso ni. Kin ce ƙawayenki na jami'a sun ishe ki da tsiya, wai Wangara ba sunan Hausawa ba ne, wasu har suna ce miki 'yar Ghana, shi ne kike tunanin cire shi daga takardunki ki bar sunan mahaifinki kaɗai. Kin kuma tambayi ma'anarsa, da dalilin da ya sa ba kya jin sa a wasu gidaje.

Da farko, ɗaukar suna ɗaya gida duka ana gadonsa ba al'adarmu ba ce tun asali. Bahaushe da sunansa na yanka ake kiransa, sai na ubansa, in an so ƙarin bayani a haɗa da garinsu, ko sana'arsa, ko wani laƙabi. Makarantar boko ce ta kawo sunan ƙarshe. Aji ɗaya Muhammadu biyar, dole malam ya nemi abin da zai bambanta su a rajista, sai ya liƙa wa kowa garinsu. Haka aka samu Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu kuma laƙabi ne ya bi su. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, sunan matar da ta rene shi, Tata, aka jingina masa, yau ga shi zuriya guda tana amsa shi. Namu ma ta wannan ƙofa ya shiga takarda. A unguwa Bawangare ake ce wa kakanki, da aka kai mu makaranta sai aka rubuta mana Wangara, ya zauna.

Amma shi sunan ya girmi boko nesa ba kusa ba. Wangarawa fatake ne Musulmi daga ƙasashen Mande, wato yankin tsohuwar daular Ghana da ta Mali da ta biyo bayanta. (Tsohuwar Ghana tana wajen kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yanzu, ba ita ce Ghana mai Accra ba, ki gaya wa ƙawayen naki.) Tun a 1154 malamin taswira Al-Idrisi ya ambaci Wangara a matsayin ƙasar zinariya. Tarikh al-Fattash, littafin tarihin da aka rubuta a Timbuktu, ya ce Malinke, wato mutanen daular Mali, da Wangara tsatso ɗaya ne, sai dai na farko mayaƙa ne, na biyu su ne masu fatauci daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ma'anar ke nan da kike nema: mutumin Mande da ya riƙi fatauci, kuma galibi da littafi a cikin kayansa. A wasu wurare Jula ake ce musu. Malamin da ya koyar da shahararren malami Ahmad Baba na Timbuktu, Muhammad Bagayogo, da Al-Wangari ake yi masa laƙabi, kuma har yanzu zuriyarsa na riƙe da ɗakin littattafai da wannan suna a can.

Zuwansu Kano kuwa labari ne mai ƙauli biyu. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara a 1908, ya ce sun iso daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, su kusan arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka umarci Sarki da salla, ya karɓa. Daga cikinsu aka naɗa Gurdumus limami, Lawal ladani, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, shi Zaite ya zama alƙalinsu. Aka gina masallaci a gindin bishiyar da ake tsafi a da. Masu tsafin ba su haƙura ba, da dare sai su zo su ɓata masallacin da ƙazanta, har sai da aka sa masu gadi, aka kuma yi addu'a a kansu, littafin ya ce suka makance. Ƙauli na biyu na cikin wani rubutun Larabci mai suna Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650. Shi cewa ya yi Zaite ya baro Mali da niyyar aikin Hajji, jama'arsa wasu suka tsaya a Gobir, wasu a Katsina, shi kuma ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gado a 1463. Tsakanin ƙaulin biyu akwai kusan shekara ɗari.

Ni a ganina babu abin jayayya a nan. Ayari ba sau ɗaya yake zuwa gari ba. Fatake sun daɗe suna shigowa da 'yan malamansu kafin babban shehi ya zo da almajirai, sai masu tarihi suka tattara labarin duka suka ɗora wa mutum ɗaya da ya fi suna.

Dalilin da ya sa sunan ya yi ƙaranci shi ne mutanen sun narke cikin gari. Suka auri 'yan Kano, 'ya'yansu suka tashi da Hausa, yaren Mande ya tafi da kakanni. Sunayen shugabanninsu kuma suka koma sunayen unguwanni. Mandawari da Sheshe da kike wucewa a cikin birni, duka sunayen mutanen wancan ayari ne, Zaitawa kuma jama'ar Zaite. Madabo ta shahara da karatun fiƙihu a hannun zuriyarsu, har da sarautar Babban Malami. To wanda ya fito daga irin waɗannan gidaje, in aka tambaye shi sunan ƙarshe, sai ya ba da unguwarsu, ko ya ce Liman, ko Alƙali, ko sunan kakansa. Jinin na nan da yawa a Kano da Katsina, sunan ne kawai bai bi kowa ba. Su can Mali da Gini sunayen dangi gare su da ake gado, irin su Ture, Sise, Kamara da Tarawore, saboda haka ba sa bukatar rubuta Wangara. Mu da muka zama Hausawa muka saki waɗancan, shi ya rage mana.

Ƙawayenki da ke cewa Ghana ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A can kalmar tana raye fiye da nan. Wangarawa ne suka riƙe kasuwar zinariya ta Bego, kuma a Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa ke zuwa sarin goro a da, ɗauke da kanwa da tufafi a kan jakai, Hausawa da Wangarawa gefe da gefe suka zauna. Har gobe a zangunan Kumasi da Accra, in aka ce Wangara ana nufin Musulmi mai asalin Mande, da nasu sarkin daban da na Hausawa. A Jugu ta ƙasar Benin ma unguwar fatake Wangara take amsawa. In kuma kin ci karo da Wangari Maathai a intanet, matar nan 'yar Kenya da ta samu kyautar Nobel a 2004, wannan sunan Kikuyu ne, babu abin da ya haɗa mu.

Akwai abin da ba na son ki ɗauko, don na ji wasu yaran gidan nan sun fara shi: bugun ƙirji wai mu jikokin Shehu Zaite ne, mu muka kawo Musulunci Kano. Ba duk mai amsa Wangara ne ya fito daga wancan ayari ba. Wani kakansa daga baya ya zo ta hanyar goro, wani uwarsa ce Bawangara, wani ya daɗe ne a cikinsu a Gwanja ya dawo gida aka laƙaba masa. Abin da manya suka bar mana shi ne mu mutanen yamma ne, masu allo da fatauci. Ki tsaya a nan, ya ishe ki amsa.

Batun cire shi kuwa, ban goyi baya ba. Sunan mahaifinki yana nan a tsakiya, umarnin da ke cikin Suratul Ahzab na a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu ya cika, Wangara kuma nasaba ce kamar yadda malamai ke rubuta Al-Kanawi ko Al-Barnawi. Ko kin yi aure ba za ki sauya shi da na miji ba, wannan ɗabi'ar Turawa ce. Sannan ki duba wahalar: shi ne a takardar firamare, shi ne a ta WAEC, shi ne a katin ɗan ƙasa. Kina taɓa shi sai rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, kuma duk inda kika je neman aiki sai kin yi bayani. Abin da ya kamata ki kula da shi shi ne rubutunsa ya zama iri ɗaya a ko'ina, don na ga a takardar ƙaninki an sa masa Wangarra da ra biyu, ki ce wa mahaifinku ya je a gyara kafin yaron ya zauna JAMB.

Ki gaishe da mahaifiyarki da jiki.